Finafinan Tsoro da Yaranmu a Gidajen Kallo

Zuwa ga Edita,

Ina neman fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan finafinan tsoro da na tayar da hankali da suka yi kasuwa a kwanakin nan.

Gaskiya, fim irin Sinners na 2025 an shirya shi ne domin babban allo, duhu da ƙarar sauti. Baligin da ya je silima ya kalle shi bai yi asarar kuɗinsa ba.

Amma mu a Karaye da Rogo, gidajen kallo da wayoyin hannu ne silimarmu. Bayan an tashi ƙwallo sai a saka fassararren fim ɗin mayu ko masu shan jini, yara 'yan firamare na zaune a gaban benci, ba mai tambayar shekarunsu. Yaro ya koma gida yana firgita cikin barci, gobe kuma ya nuna tsohuwar unguwa ya ce mayya ce. Dodon tatsuniya ma tsoro yake bayarwa, amma kaka tana kusa, kuma labarin da darasi yake ƙarewa.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana finafinan daba a 2024. Ina roƙonta ta leƙo ƙauyuka, ta wajabta wa masu gidajen kallo ware lokacin manya da na yara. Iyaye da masu unguwanni kuma su sa ido, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Naku,
Wani malamin makaranta, Karaye