Nauyin Sitiyari Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Wani yayi ne na tarar a unguwarmu, Karewa, tsakanin samari masu mota, na kuwa ga ya kamata in faɗi abin da na gani game da shi tun bai bazu ba. Yayin kuwa shi ne, mutum ya sayi mota lafiyayya, sa'an nan ya kai ta gareji ya ce a cire masa fawa sitiyari. Kada wani ya zaci fawar mahauta na ke nufi. Watau na'urar nan ce da ke taimakon direba juya sitiyari, har ya iya karya kwana da hannu ɗaya. In ka tambaye su dalili, sai su ce wai suna so su ji hanya a hannunsu, wai motar da ke juyawa da yatsa ɗaya ba ta maza ba ce. Ni ra'ayina shi ne, abin da su ke nema yana da kyau, amma hanyar da suka bi ba za ta kai su ba, sai dai ta kai wani asibiti.

Bari mu fara da sanin abin da a ke cirewa. A yawancin motocin da ke yawo a Jimeta da Yola, akwai wani ɗan famfo a jikin inji, wanda bel ke juyawa. Famfon nan yana tura wani mai, galibi ja, ta cikin tiyo zuwa ga sandar nan mai haƙora da ke tura tayun gaba dama da hagun. A jikin sandar akwai fistin. Da direba ya taɓa sitiyari, sai wani bawul ya buɗe, mai ya danna fistin ta wajen da a ke so, taya ta juya. Direba ya ba da umurni, inji ya ba da ƙarfi, shi ke nan. Wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, shi ya gwada irin wannan dabara a 1926. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da ita cikin manyan motocin soja, don nauyinsu ya fi ƙarfin dantsen mutum. A 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da motar shiga mai ɗauke da ita, watau Imperial. Daga baya, a 1988, kamfanin Suzuki na Japan ya fito da wadda ke aiki da lantarki, ba famfo ba mai, irinta ce kuwa ke cikin mafi yawan sababbin ƙananan motoci. Kun ga ashe ba don ragwanci aka ƙago abin ba. Motoci ne suka yi nauyi, aka nemi dabara.

To, amma ba zan zalunci samarin nan ba, don na san abin da su ke bege. Ni kaina a tsohuwar Peugeot 504 ta Kawu na koyi tuƙi, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Tasa ba ta da fawa. In ka hau hanyar Numan da ita, kome taya ta taka sai tafin hannunka ya gaya maka. Za ka san kwalta, ka san tsakuwa, ka san inda yashi ya hau kan hanya tun motar ba ta fara zamewa ba. In iska ta ragu a taya ɗaya, hannunka zai riga idonka sani. Wannan ji kuwa ba ƙarya ba ne, ba kuma ƙaramin abu ba ne, don shi ke sa direba ya rage gudu kafin abu ya faru. Gaskiya ne kuma, akwai motocin zamani waɗanda sitiyarinsu ya yi laushi har ya zama kurma, kana juyawa kamar kana tuƙa ruwa a ƙwarya. Duk wanda ya ce wannan ba daɗi, na yarda da shi.

Inda muka rabu shi ne nan. Motar Kawu tun daga masana'anta aka ƙera ta don hannun mutum. Sitiyarinta faffaɗa ne, don hannu ya sami tsawon da zai yi ƙarfi, kamar yadda doguwar sifana ta fi gajeriya kwance noti. Tayunta sirara ne. Haƙoran sandarta an yanka su yadda sai ka juya sitiyari fiye da sau huɗu kafin ka kai daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagun, ko wane juyi kuwa mai sauƙi ne. Haka kuma ƙananan Starlet ɗin nan da ke jigila a hanyoyinmu, ba su da nauyi, don haka wadda ba ta da fawa ma ba ta gallabar direba. Amma motar da aka ƙera da fawa, an yi lissafinta ne da sanin cewa inji zai taimaka. Sitiyarinta ƙarami ne, tayunta masu faɗi, juyinta kamar sau uku kaɗai, ga inji da giya duk sun tattaru a kan tayun gaba. In ka raba ta da famfonta, ba ka mai da ita 504 ba. Ka dai mai da ita doki mai ɗingishi.

Har wa yau, ku dubi yadda a ke cirewar. Yawanci bel kaɗai a ke zarewa, ko a kwance famfo a toshe tiyo. Fistin yana nan, mai yana nan. Yanzu fa direba ne zai tura taya, ya kuma tura man nan ta cikin ƙananan ramuka da ƙarfin dantsensa. Bayan wannan, a cikin bawul akwai wani siririn ƙarfe da aka yi shi musamman don ya ɗan murɗe kafin mai ya buɗe. Sa'ad da famfo ke aiki, murɗewar kaɗan ce, ba ka jinta. Da an cire famfo, duk ƙarfin hannunka ta kan ƙarfen nan zai bi, sai ya murɗe iyakarsa kafin taya ta motsa. Watau ka sami nauyi, ka kuma sami lako-lako. Jin hanyar da aka fita nema, shi ne aka fara rasawa. Mai irin ta lantarki kuwa da ya zare fis, shi ma haka, don injin lantarkin da haƙoransa suna nan maƙale, shi zai riƙa jansu. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, in mota tana gudu a miƙaƙƙiyar hanya, nauyin ba ya bayyana sosai, don taya mai birgima ba ta da wuyar karkatawa. Sai mutum ya ƙetare gadar Binuwai ya nufi Girei, ya dawo yana cewa ai lafiya lau. To, amma mota ba a kan babbar hanya kaɗai ta ke rayuwa ba. Tana shiga lungu, tana shiga kasuwa, tana wucewa ta ƙofar makaranta.

Ga abin da na gani da idona. Akwai wani ɗan Kawu, wanda mu ke kira Hamma don ya girme mu, yana da wata mota 'yar Kwatano, shi ma ya bi yayi. Na ce masa, "Hamma, wannan abu fa ba ya yi mini kyau." Ya yi dariya ya ce, "Malam ƙarami, ka tsaya ga allonka, ka bar mana ƙarfe." Na yi shiru, don ba a jayayya da na gaba. Ran nan da damina, an ɗauke ruwa da la'asar, muna fitowa daga wani layi a Karewa za mu hau kwalta, ba ma gudu ko kaɗan. Sai ga mai Keke Napep ya ɓullo ta hagun, ga wata yarinya da farantin gyaɗa a kanta ta dama. Abin da a ke bukata shi ne a karya sitiyari da sauri, a kuma mai da shi da sauri. Hamma ya taka birki, ya kama sitiyari da hannu biyu, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma tayun sun nutse cikin jiƙaƙƙen yashi, motar ba ta juya rabin abin da ya ke so ba. Muka goge keken, tayarmu ta faɗa lambatu. Yarinyar ta yi tsalle ta faɗi, gyaɗa ta watse cikin taɓo, gwiwarta ta ƙuje. Allah ya kiyaye, iyakar ɓarnar ke nan. Amma na ga tazarar da ke tsakanin ƙafarta da ƙarfen motar, ba ta kai kamu ɗaya ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kan hanya ba haka ba ne. Wani ke jan ruwan, wani ya ke doka.

Da muka kai motar gareji, sai na ji wata magana da ta buɗe mini ido. Tsohon bakaniken ya dubi Hamma ya ce, "Ɗana, ka faɗi gaskiya mana. Famfon ne ya fara kuka, ka ji kuɗin sabo, ka ce a cire." Hamma ya sunkuyar da kai. Bakaniken ya ce mini yawancin masu zuwa wurinsa da wannan bukata haka su ke. Zafin garin nan, wanda ya kan wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu, yana busar da roba, tiyo ya tsage, mai ya tsiyaye. In aka bar famfo yana juyawa ba mai, sai ya ci kansa. Maimakon mutum ya ce ba shi da kuɗin gyara, sai ya ce ai da gangan ya cire. Jama'a, rashin kuɗi ba abin kunya ba ne, kowa ya san halin da a ke ciki. Abin kunya shi ne a yi wa rashi rawani a kira shi jarunta, har yara su gani su yi sha'awa, masu lafiyayyen famfo ma su je su cire nasu.

Na san wani zai ce, ai Turawa ma suna yi. I, suna yi, amma ku dubi yadda su ke yi. A 1996 kamfanin Lotus na Ingila ya fito da wata mota, Elise, ba fawa sitiyari, masu son tuƙi kuwa suka yi ta yabonta. Amma nauyinta bai kai kilo 800 ba, injinta kuma a bayan direba ya ke, don haka gabanta sakayau ne. A 2013 kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya yi irin wannan da motarsa 4C. Su ba su cire kome ba. Sun rage nauyi ne tun daga tushe har taimako ya zama ba a bukatarsa. Motar Hamma kuwa ta kusa ninka Elise nauyi, kafin ma a zuba mata mutum biyar da buhun masara. Masu cirewa a can kuma, waɗanda suka san aiki, su kan sa sandar da aka yi don hannu, ko su farke tsohuwar su gyara cikinta sarai, yawanci kuwa don filin tsere, inda ba talla ba 'yan makaranta.

Akwai kuma wanda samarin nan ba su tuna da shi, watau mai tuƙi na biyu. Mota a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Ran da ciwo ya kama maigida da tsakar dare, uwargida ce ko ƙanwa ko tsoho za su ja ta zuwa asibiti. Wanda ya mai da motarsa sai mai ƙarfin dantse, ya kulle ta ke nan ga mutanen gidansa a ranar da su ke bukatarta.

Me ya kawo wannan magana cikin mujallar masu koyon malanta? Na farko, da yawa cikinmu za su koyar a makarantun da ƙofarsu ke bakin hanya, yaran da ke ƙetarewa kuwa amanarmu ne. Na biyu, kuskuren nan muna yinsa a aji. A makarantar mishan da na yi, malaminmu na aikin hannu ya kan ce kada mu cire ko da ƙusa ɗaya daga jikin abu sai mun iya faɗin dalilin da ya sa aka buga ta. Shi ne kuma ya nuna mana cewa zarto mai kaifi ya fi dakusasshe gaya wa hannu irin itacen da ya ke yanka. Mu kan ɗauka wahala ita ce ilmi, sai malami ya hana yara abin da zai sauƙaƙa musu, yana cewa haka aka yi mana. Wahalar da ke koyarwa dabam, wahalar banza dabam. Nauyin sitiyari yana gajiyar da hannu ne, gajiyayyen hannu kuwa ba ya jin kome.

Saboda haka ga shawarata. Wanda ke son jin hanya, ya fara duba iskar tayunsa, ya sa a daidaita masa ƙafafun gaba, ya canja robobi da mahaɗan da suka ci, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ajiye waya. Zai yi mamakin yadda motarsa za ta fara yi masa magana. Wanda wannan bai ishe shi ba, ya nemi ƙaramar motar da aka ƙera ba fawa tun asali. Wanda kuwa famfonsa ya fara kuka ko ya ga ɗigon jan mai a ƙarƙashin mota da safe, ya gyara tiyo tun kuɗin bai zama na famfo ba. In babu hali, ya jingine motar ya hau keke kamar sauran bayin Allah har hali ya samu.

Hamma dai ya mai da famfonsa, ya biya gyaran keke, ya biya gyaɗa, ya kuma je har gida ya ba iyayen yarinyar haƙuri. Kuɗin da ya kashe ya fi wanda ya guje wa tun farko. Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya ga ba haka ba, ga fili, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya kiyashe mu, ya kiyaye na kan hanya daga hannunmu, amin.