Tun A Aji Huɗu Ake Rasa Gurbin Jami'a

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, akwai ɗaliban da sai a gaban kwamfutar cibiyar rajista suke gano cewa fannin da suka ɗora wa rai ya riga ya kuɓuce musu. Ba maki ne ya kayar da su ba, domin ba a ma zauna jarrabawar ba tukuna. Abin da ya kayar da su shi ne darussan da suka zaɓa, ko aka zaɓa musu, shekaru uku da suka wuce, ranar da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare suna 'yan shekara 14 ko 15.

Ƙa'idar a fili take. JAMB na jarraba ɗalibi a darussa huɗu, Turanci da wasu uku, a kan maki 400. Mai neman likitanci, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, zai zauna Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai zauna Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Bayan haka sai kiredit biyar a WAEC ko NECO a darussan da suka dace, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu daga mai neman likitanci. Wanda ya lura zai ga Fiziks ya bayyana a jerin biyu. Shi ne darasin da yara suka fi gudu, shi ne kuma wanda ajiye shi ya fi rufe ƙofofi.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Yaro zai ɗauki Kimiyyar Noma a madadin Bayoloji saboda an ce masa ta fi sauƙin ci. A fannonin aikin gona ana iya karɓarta, amma tsangayar likitanci ba ta san wannan musanya ba. Haka yaron zai yi shekaru uku ana kiransa ɗalibin kimiyya, a gida har an fara yi masa laƙabi da "Dakta", alhali takardarsa ba za ta kai shi can ba.

Sai dai kalmar "zaɓi" ta yi wa abin da ke faruwa a makarantun gwamnati da yawa girma. Inda babu malamin Fiziks, ko kuma ɗan bautar ƙasa ne ke riƙe da darasin ya tafi bayan shekara guda, makaranta ce ta yanke wa yaro hukunci. Inda ɗakin gwaje-gwaje ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, ɗalibi ba ya taɓa kayan awo da hannunsa sai ana gab da jarrabawar gwaji ta WAEC. A wasu wuraren kuma sakamakon jarrabawar aji uku kaɗai ake dubawa a raba yara: masu ƙoƙari kimiyya, saura adabi ko kasuwanci. Wannan rabo ya cuci ɓangarorin biyu, domin ya mayar da adabi tamkar juji, ya kuma tura yaron da zai yi fice a aikin lauya cikin ajin da ba a ba Adabin Turanci muhimmanci, alhali sashen shari'a na neman sa.

Iyaye ma suna da nasu kason. Uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita, ba tare da duba yadda yaron yake da Lissafi ba, yakan wayi gari da ɗa mai zagayen jarrabawa shekara bayan shekara.

Za a iya cewa ai akwai hanyoyin gyara: karatun share fage, da shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da sake zama jarrabawa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Gaskiya ne, amma kowace hanya kuɗi ce da lokaci. IJMB ɗin ma tana ginawa ne a kan darussan sakandare, ba ta koya wa wanda bai taɓa yin Kemistiri ba daga tushe. Ɗan mai hali zai iya sayen shekarar da ya rasa. 'Yar talaka kuwa, a gidaje da yawa, shekara guda a zaune ta isa a rufe maganar karatunta gaba ɗaya.

Arewa ba baƙuwar maganin wannan ciwo ba ce. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake tace yara ta hanyar jarrabawa, a haɗa su da malamai da kayan aiki. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa. Ba wani sirri a ciki: an ɗauki matakin shiga babbar sakandare da muhimmancin da ya cancanta.

Ba kowace jiha ce za ta iya gina irin waɗannan makarantu gobe ba, amma akwai abin da ba ya buƙatar kasafi mai nauyi. Kundin JAMB da ke bayyana darussan da kowane fanni ke buƙata yana kan intanet kyauta, sai dai yawancin ɗalibai ba sa ganin sa sai a aji shida, lokacin da bakin alƙalami ya bushe. Kamata ya yi ma'aikatun ilimi su taƙaita shi a shafi biyu, da Turanci da Hausa, a raba wa 'yan aji uku da iyayensu kafin hutun ƙarshen shekara. Kowace makaranta ta bayyana wa iyaye a rubuce darussan kimiyyar da take da malaminsu na dindindin, domin wanda zai iya sauya wa ɗansa makaranta ya yi da wuri. A kuma bar zangon farko na aji huɗu a buɗe, yaro ya iya sauya aji bayan ya ɗanɗana darussan, kafin a rufe rajistar sunayen.