Kada sitikar "Core i7" ta ci kuɗin makarantarku

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Enugu, na UNEC da ESUT da IMT. Lokacin furojet ya zo, kowa a Abakpa maganar laftop yake, kuma tambayar ɗaya ce: "i5 ce ko i7?" Ni dai a ganina wannan tambayar ita ke sa ake cin kuɗinmu a banza.

Ga dalili. Shekaru da dama Intel ke cin karenta babu babbaka a kasuwar furosesa, shi ya sa ba ta gaggawar ƙara wa kayanta ƙarfi. Sai a 2017 AMD ta fito da Ryzen, ta matsa mata lamba. A shekarar ne Intel ta fitar da zubi na takwas, inda i5 ta laftop ta tashi daga ma'aikata biyu a cikinta zuwa huɗu. Ke nan i5-8250U ta fi i7-6600U aiki, duk da waccan sunanta ya fi daɗin faɗi. A irin waɗannan biyun, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin. Ita za ka duba, malam, kafin sitika.

Abu na biyu: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 galibi daga zubi na takwas take karɓa. Ofisoshin Turai da Amurka na sauke tsofaffin na'urorinsu, kuma kun san inda tokumbo ke sauka: Legas, Onitsha, Ogbete, har Farm Centre a Kano. Za ka gan ta fes kamar sabuwa, da araha, alhali an riga an yi mata sallama.

Na uku shi ya fi damuna, wato RAM. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron ta Amurka. Yanzu hankalinsu ya koma kan irin RAM ɗin da manyan cibiyoyin AI ke saya, don can ribar take. A Disamban 2025 Micron ma ta sanar za ta rufe Crucial, sashenta mai sayar wa irinmu. Farashi ya hau, ga dala ga naira. Gasar tasu ba don ɗalibin mastas ake yin ta ba, wallahi. Ragowarta ce ke iso mu, don haka sai mu iya tsinta.

Wani zai ce a tara a sayi MacBook kawai. Gaskiya tun da Apple ta kawo M1 a 2020 batirinsu ya yi zarra, kuma mai zama inda wuta ke wasan ɓuya ya san darajar wannan. Amma RAM ɗinta a manne take, ba a ƙarawa. Yadda ka saya haka za ku rabu. Ƙananan laftop na Windows da yawa ma haka suke yanzu.

Shawarata, in za ka shago: zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5. RAM aƙalla 8GB, kuma a buɗe bayanta ka ga ramin ƙari da idonka. SSD, ba tsohon hadis mai juyawa ba. A cire caja, ka zauna da ita rabin awa ka ga batiri. Mai shagon da ya ƙi, ka yi masa sai an jima.

Kuma don Allah kada ka tafi kai kaɗai. Ja wani ɗan Computer Science ku tafi tare, ka saya masa okpa a hanya. Kuɗin nan wani iyayensa hatsi suka sayar, wata kuma adashen mahaifiyarta ne. SPSS ta maƙale ana saura kwana uku difens ba abin dariya ba ne.

Wanda ke shirin saya, ya rubuto lambar furosesar a ƙasa mu duba tare. Allah Ya ba mu sa'a.