Awo Ba Magani Ba Ne: Agogon Zamani da Masu Cutar Parkinson

Mai cutar Parkinson da ya shekara biyar ko shida yana shan magani ba ya wuni da jiki ɗaya. Da hantsi yana iya saka maɓallin rigarsa, ya taka zuwa kasuwa. Kafin azahar jikin ya sandare, hannu ya kama karkarwa, tashi daga kujera ya zama aiki. Idan ya sha ƙwaya ta gaba sai jikin ya saku, wani lokaci har abin ya wuce kima, gaɓoɓi su yi ta murɗawa ba da son ransa ba. Likita kuwa na 'yan mintuna yake ganinsa, sau biyu ko uku a shekara, kuma a kan wannan ɗan gani zai tsara maganin watanni.

Tushen matsalar a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suna mutuwa sannu a hankali. Maganin levodopa, wanda ake dogaro da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana cike gurbin, amma idan tafiya ta yi nisa aikin kowace ƙwaya yakan gajarta. Daga nan gwanintar likita ta koma kan sanin sa'ar da magani ke sakin majiyyaci, domin sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Wannan giɓi na'urorin sa ido a gida suka zo toshewa. Agogon zamani da wayar hannu suna ɗauke da ma'aunin motsi, karkarwar Parkinson kuma tana da nata kiɗan, bugu 4 zuwa 6 a daƙiƙa, wanda manhaja ke iya tantancewa. Na'urar PKG da aka ƙera a Ostireliya, ɗaura ta ake yi a wuyan hannu na kimanin mako guda, sannan ta fitar wa likita jadawalin yadda jiki ya wuni. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar StrivePD mai aiki da Apple Watch. A 2023 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka nazarci bayanan motsin mutum sama da 100,000 a Birtaniya, suka nuna ana iya hango alamun cutar har shekara 7 kafin asibiti ya tabbatar da ita. Duk wannan ci gaba ne na gaskiya, wanda ya raina shi bai yi adalci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne da'awar da ake yawan ji a tarukan fasaha, wai a ƙasashen da likitoci suka yi ƙaranci na'urar za ta tsaya a madadinsu. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ta juya al'amarin a baibai.

Na farko, jadawali ba ya warkar da kowa. Amfaninsa ɗaya ne: a gyara yawan magani da lokacin shansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, ta kuma yi kukan cewa levodopa ba ya samuwa yadda ya kamata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya, binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi a kantunan magani ya gano cewa magungunan cutar ba sa samuwa a wurare da yawa, inda suke kuma sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Mutumin da ke raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata ya riga ya san lokacin da jikinsa ke sandarewa. Agogon da zai sanar da shi haka takaici kawai zai ƙara masa.

Na biyu, sai da mai karatu rubutu ke da amfani. A Janairun 2023 hukumar NICE, mai tantance magunguna da kayan asibiti a Ingila, ta amince da na'urori biyar irin waɗannan, amma bisa sharaɗin a ci gaba da tattara hujjar cewa suna kyautata rayuwar majiyyata, kuma sun cancanci kuɗinsu. Ƙasar da ke da ma'aikatan jinya na musamman domin Parkinson ke nan take taka tsantsan. A Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ƙalilan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Kowane jadawali da na'ura ta fitar, ƙarin aiki ne a teburin wanda layi ya riga ya yi wa yawa.

Na uku, na'urar motsi kaɗai take gani. Taurin bayan gida, baƙin ciki mai tsanani, jiri idan an miƙe tsaye: waɗannan na cikin abubuwan da suka fi gallabar majiyyata, ma'aunin motsi kuma ba ya kama su. Ko a motsin ma, akasarin gwaje-gwajen an yi su ne a Turai da Amurka. Karkarwar Parkinson takan sa babban yatsa ya riƙa gogar manuniya, tamkar mai jan carbi. Kafin a yarda da hukuncin manhaja a Kano ko Damagaram, wajibi ne a gwada ta a hannun dattijon da ke wuni da carbi, da matar da ke daka, da wanda ke hawan babur a hanya mai gargada. Sai a 2023 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka, a binciken da 'yan Najeriya suka ba da gudummawa mai yawa. Ilimin cutar a wannan nahiya yanzu yake rarrafe.

Akwai kuma batun amana. Na'urar da ta san lokacin barcin mutum, da tashinsa, da faɗuwarsa, ta san abin da maƙwabcinsa bai sani ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Haƙƙin majiyyaci ne a faɗa masa, da harshen da yake ji, inda bayanansa ke zuwa da wanda zai gan su.

Tsarin da ya dace a bayyane yake. A fara da samar da levodopa a kantuna da cikin inshorar lafiya. A horar da likitocin manyan asibitocin jihohi da ma'aikatan jinya su gane cutar, su iya gyara magani. Sannan a kawo na'ura, bayan an gwada ta a kan mutanen da za su ɗaura ta. Kafin nan, akwai fasahar da ke aljihun kusan kowane gida: ɗa ko 'ya su ɗauki bidiyon minti ɗaya na tafiyar mahaifinsu, da yardarsa, kafin shan magani da sa'a guda bayansa, su rubuta lokacin, su nuna wa likita ranar asibiti. Duk mai tallata agogo ga asibiti ko ma'aikatar lafiya kuma, a tambaye shi wa zai karanta jadawalin, da kuma wane magani ke kanti idan jadawalin ya ce a ƙara.