Iskar Farkon Damina da Amanar Rufi

Duk wanda ya ɗan jima yana zaune a Abuja, ko a cikin birnin ko a garuruwan da suka kewaye shi irin su Kubwa da Nyanya da Kuje da Gwagwalada, ya san cewa idan zafin bazara ya kai matuƙa, tun daga ƙarshen watan Maris har cikin Mayu, mutane suka ƙosa suna duban gabas suna roƙon Allah Ya sauko da rahama, to, ita rahamar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, sai ta aiko da iska a gabanta. Da la'asar sakaliya za a ga gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, gari ya ɗauke numfashi na ɗan lokaci, sa'an nan ƙura ta taso ja wur, masu tebur a bakin titi su shiga kwashe kaya, mata su ruga ɗauke shanya. Kuma kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, an riga an ji ƙarar kwano yana ɓallewa daga kan wani gida, an ga falwayar lantarki ta kwanta, allon talla ya rufto kan hanya. Da gari ya waye sai jaje, sai lissafin ajujuwan makaranta da suka zama a buɗe, sai kira ga gwamnati ta kawo ɗauki. Haka aka yi bara, haka aka yi bara waccan, kuma in ba a sake hali ba haka za a yi baɗi.

Ba gidajen talakawa kaɗai abin ke shafa ba. A daren 24 ga Afrilu, 2024, ruwa da iska suka rusa wani sashe na katangar gidan yarin Suleja, garin da asalinsa shi ne Abuja kafin a ari sunan a bai wa sabon birnin tarayya, fursunoni fiye da 100 suka fice cikin duhu. Ginin tun na zamanin Turawan mulkin mallaka ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daren nan katangar ta fara tsufa.

Masana yanayi sun bayyana sababin wannan iska bayani mai gamsarwa, kuma ya dace da abin da manoma suka daɗe da sani, cewa hadarin ƙwarai daga gabas yake tasowa. Iska biyu ne ke musayar mulkin sararin ƙasarmu: busasshiyar iskar Sahara da ke kawo mana hunturu, da kuma iskar teku mai laima da ke tasowa daga kudu maso yamma. Idan bazara ta shigo, iskar teku ta fara tura ta hamada zuwa arewa, alhali ƙasa ta gasu da rana wata da watanni, sai zazzafar iska mai laima ta yi ta hawa sama da gaggawa, gizagizai su ginu har tsayinsu ya wuce kilomita 10, su jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya daga gabas zuwa yamma. Daga cikin waɗannan gizagizai ne iska mai sanyi da nauyi ke faɗowa ƙasa da ƙarfi, in ta bugi ƙasa ta bazu gaba, ita ce wannan sanyin da ake ji kwatsam ana cewa ruwa ya iso. A farkon damina da ƙarshenta ta fi tsanani. Mutanen Sakkwato ba za su manta da 29 ga Oktoba, 2006 ba, ranar da jirgin saman kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga filin jirgin Abuja cikin irin wannan sauyin iska, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah Ya ji ƙansu.

A daidai lokacin farkon daminarmu ne kuma, lokacin da sanyi ke janyewa a tsakiyar ƙasar Amurka, iska mai ɗumi daga tekun Meziko ke karo da mai sanyi daga arewa, sai a sami guguwa mai juyi wadda ke saukowa daga gajimare har ƙasa, irin wadda guguwar rani da yara ke gudu a filayenmu ba ta kai ko ƙurarta ba. Takan zo da yawa a rana guda. Ranar 18 ga Maris, 1925, guda ɗaya tak ta ratsa jihohi uku ta hallaka mutum 695. A ranakun 3 da 4 ga Afrilu, 1974, an ƙirga guda 148. A ƙarshen Afrilun 2011 kuwa sun haura 300 cikin kwana huɗu, rayukan da suka salwanta su ma sun haura 300. Amma mafi munin wadda tarihi ya rubuta ba a Amurka ta auku ba, a Bangaladash ne, ranar 26 ga Afrilu, 1989, inda aka ƙiyasta mutum 1,300 suka mutu a yankin da galibin gidajensa na kwano ne da kara, babu gargaɗi, babu mafaka. Abin lura a nan shi ne, malamin da ya ƙago ma'aunin ƙarfin wannan guguwa a 1971, Tetsuya Fujita, mutumin Japan da ya yi koyarwa a Jami'ar Chicago, da ɓarnar da iska ta bari yake auna ta, yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya yana duban abin da ya karye da abin da ya tsaya. Waɗanda suka gaje shi sun ci gaba da wannan bin diddigi, har ya kai ga garin Moore na jihar Oklahoma, bayan guguwar 20 ga Mayu, 2013 ta kashe mutum 24, cikinsu da yara 7 a makarantar firamare guda, ya sake dokar gininsa a shekara mai bi, ya wajabta a ɗaure rufi da bango, bango da tushe, yadda gida zai jure iskar da ta kai gudun mil 135 a sa'a.

Alhamdu lillahi, iskarmu ba kasafai take kusantar wannan ƙarfi ba, kuma wannan ne ma ya sa tambayar ta yi mana nauyi. Shiga kowace unguwa washegarin hadari za ka tarar da gida biyu a layi ɗaya, katanga ce kawai tsakaninsu, ɗaya rufinsa na can bayan gidan maƙwabta a nannaɗe, ɗayan kuwa ko ƙusa bai rasa ba. Iskar da ta bugi wannan ita ta bugi wancan. Ka ɗaga katakon da ya faɗo ka duba, sau da yawa za ka ga ƙusoshin sun zare sumul ba su ko lanƙwashe ba, domin an buga su ne cikin ɗanyen katako, da ya bushe ya sake su. Ka ga gara ta cinye cikinsa saboda ba a shafa masa magani ba. Ka duba kan bangon kuma ka ga babu rodi ko ƙarfen ɗauri ko ɗaya da ya riƙe katakon da simintin, an dai aza rufin ne kamar yadda ake aza faifai a bakin tukunya. Ita kuwa iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi: idan ta bi ta kansa da gudu sai ta tsotse shi sama, in kuma ta sami taga ko ƙofa a buɗe ta shiga ta tura shi daga ciki, ta fara da kusurwa da bakin da ya zarce bango. Kuma ƙarfinta ba a hankali yake ƙaruwa ba, domin idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun gini da shi ninkawa huɗu yake yi.

Laifin a rabe yake, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai mai sayar da kwano da zai rantse maka kaurinsa kaza ne alhali ya san bai kai ba. Akwai kafinta da zai karɓi kuɗin ƙusa buhu biyu ya buga ɗaya. Amma akwai kuma mai gida, wanda ya kai matakin rufi aljihu ya riga ya ƙone, ga damina ta ƙarato, ga mai haya na jira, kafinta na ce masa, "Alhaji, a ƙaro katako, tazarar nan ta yi yawa," shi kuwa yana cewa, "Malam, lallaɓa dai a rufe, Allah Ya tsare." Sa'an nan ga yayin da ya shigo na dogon rufi mai tsini, wanda wani lokaci tsayinsa ya kusa na ginin kansa, ana kashe kuɗi a kan abin da ido zai gani daga titi, ana tsuke hannu a kan ɗaurin da babu mai ganinsa sai iska.

Kakanninmu da suka yi ginin soro da tubali da azara ba su san wannan matsala ta tashin rufi ba, ko da yake suna da tasu, domin soron da aka yi wa sakaci ruwa ne ke narkar da shi ya danne masu barci. Ba ina kiran a koma ginin ƙasa a Maitama ba ne. Abin da na ga mun yar, wanda bai kamata mu yar ba, shi ne al'adar da ta sa kowane magidanci ya san bazara lokacin duba gida ne, a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga, tun kafin hadarin farko. Kuma a birane irin su Kano da Zariya akwai Sarkin Magina, wanda magini ke jin kunyar aikinsa ya rushe labari ya kai gare shi. Kwano ya zo ya ruɗe mu da zaton cewa rufi abu ne da ake yi sau ɗaya a manta.

Idan aka yi wannan magana sai wani ya ce ai ƙaddara ce, kuma lalle babu abin da ke aukuwa face da hukuncin Allah, mumini ba ya jayayya da wannan. Sai dai malaman da suka karantar da mu imani da ƙaddara su ne kuma suka karantar da mu riƙon sababi, kuma ba su taɓa ɗaukar ɗayan ya soke ɗayan ba. A cikin littattafan fiƙihu akwai mas'alar bangon da ya karkata: idan aka gargaɗi mai shi gaban shaidu, ya sami ikon gyarawa bai gyara ba, har bangon ya faɗa wa mutum ko dukiya, to, lamunin ɓarnar na wuyansa, alƙali ba zai karɓi uzurin ƙaddara daga bakinsa ba. A ƙarni na 14 wani babban magini na birnin Tunis, Ibn ar-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen gine-gine bisa mazhabar Malikiyya cikin littafi guda. Kafin shi kuma littattafan hisba na Andalus sun ɗora wa muhtasibi duba girman tubali da kaurin katakon da ake sayarwa a kasuwa. Ashe tun can Musulunci ya ɗauki algus a kayan gini a matsayin ha'incin da hukuma ke bi, ba abin da ake bari tsakanin mutum da Ubangijinsa kawai ba.

Hukumominmu na yau ba su rasa doka ba. Tun 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, akwai hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki, akwai sashen kula da tsarin gine-gine na birnin tarayya, wanda talaka ya fi saninsa da jan fenti da katafila fiye da hawa tsani ya duba ɗaurin rufi. Birnin da aka zana taswirarsa tun 1979, aka tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, ya cika ya tumbatsa, galibin masu yi masa hidima suna kwana a unguwannin da injiniya bai taɓa takawa ba. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma sanar da hadari kafin ya zo, wannan abin yabo ne. Amma sanarwar da ta tsaya a intanet ba ta isa ga mai shago a kasuwar katako ta Dei-Dei ko shugaban makarantar ƙauye a Kwali ba, alhali saƙon waya da rediyo cikin Hausa da Gbagyi, sa'a guda kafin iska, ya isa a fitar da yara daga ajin da ake shakka, a kuma hana mutane fakewa ƙarƙashin allon talla. Itatuwan da a da ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gidaje, ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, an sare su an yi gawayi ko an yanka filaye, waɗanda suka rage a bakin titi kuma ba a sassabe rassansu sai sun faɗo kan mota.

Inda na fi ganin gyara ya wajaba shi ne wajen agajin kansa. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta birnin tarayya sukan kai wa waɗanda abin ya shafa bandir-bandir na kwano da ƙusa da siminti da abinci, kuma wanda ya kwana a waje da iyalinsa ya san darajar wannan. Amma idan aka miƙa kwanon aka juya, kafintan da ya yi rufin farko shi zai yi na biyu, yadda ya yi na farkon, sai dukiyar baitulmali ta zama an ajiye wa iskar baɗi. Da za a haɗa kowane bandir da ƙarfen ɗauri, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na kwanon, a kuma turo ma'aikacin da zai ga an ɗaura shi, a tara kafintocin kowace ƙaramar hukuma ta bakin ƙungiyoyinsu a nuna musu aikin a watan Fabrairu, da cikin 'yan shekaru an ga bambanci. Gine-ginen gwamnati ya kamata su fara, musamman makarantun firamare da ɗakunan shan magani, tun da a nan babu uzurin talauci: akwai takardar kwangila, akwai injiniyan da ya sa hannu cewa aiki ya kammala, akwai kuma kason kuɗin da aka saba riƙewa har wa'adin gyara ya cika. A tsawaita wannan wa'adi yadda ba za a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila ba sai rufinsa ya ga iskar Afrilu da ta Oktoba, in kuwa ya tashi kafin nan, shi zai mayar da shi daga aljihunsa, a kuma tambayi injiniyan abin da ya gani ranar da ya sa hannu.