"Galan Biyu" Ba Awo Ba Ne: Maganar Baƙin Mai Da Filta A Tsohuwar Land Cruiser

Yau za mu ɗan bar maganar saitin waya mu leƙa gareji, amma kar ku ajiye wayar, za ta yi mana aiki a gaba.

Duk mai tsohuwar Land Cruiser, ko wanda yake tuƙa ta wani, ya san wannan hirar. Ka je juye, ka ce, "Oga, mai nawa za a saya?" Bakanike bai ko ɗaga bonet ba zai ce maka, "Galan biyu, Alhaji, sai filta." Ni a ganina wannan amsar ta kashe injina da yawa, kuma rabin laifin namu ne masu motar, don ba mu taɓa tambaya ba: galan ɗin na lita nawa?

A kasuwa akwai galan mai lita 4, akwai mai lita 5. Kenan "galan biyu" zai iya zama lita 8, zai iya zama lita 10. To ga Land Cruiser 80 da aka fara ƙerawa a 1990. Jiki iri ɗaya ne, amma injin ya bambanta. Mai fetur ɗin nan 1FZ-FE, 4.5, lita 7 da ɗoriya yake sha idan an canza filta. Mai gas kuwa, 1HZ 4.2, wanda har yau shi ne sarkin hanyar rairayi a wajajen Agadez, yana shan sama da lita 9, a wasu motocin baya-bayan nan ma har ya haura 11, saboda kaskon man da ke ƙasan injin ya fi girma. Sunan inji ɗaya, awo daban. Yanzu lissafa da kanka: ka juye lita 10 a mai fetur, ka yi ƙari da sama da lita 2. Ka juye lita 8 a mai gas mai babban kasko, ka tashi da giɓin sama da lita 3.

Illar ƙarancin mai kowa ya santa, inji ya buga, a koma neman metal da karanshaf. Abin da mutane ba su yarda da shi ba shi ne yawan mai ma cuta ne. Wani har alfahari yake, wai ya cika mata mai fal don tafiyar doguwa ce. Idan mai ya wuce iyaka, karanshaf yana dukansa yana juyawa har ya yi kumfa, kuma kumfa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Daga nan sai sil ya fara yoyo, hayaƙi ya biyo baya. Kar kuma ka dogara da jar fitilar mai ta dashbod. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kafin ta kama sau da yawa ɓarna ta riga ta fara.

Nan ne wayarka za ta shigo. Ɗaga bonet, nemi ɗan farantin ƙarfen da aka buga lambar samfurin motar, ka ɗauke shi hoto. Idan ka ga FZJ80, mai fetur ce. HZJ80 mai gas ce 1HZ. HDJ80 mai gas ce mai turbo. Da wannan lambar da shekarar motar za ka nemi littafin motar a intanet, ka sauke PDF ɗinsa ka ajiye. Ka duba shafin da ya ba da awo biyu: idan an canza filta, da idan ba a canza ba. Amma a kula, shafukan Amurka da yawa da quart suke rubutu, kuma quart ɗaya bai kai lita ba, 0.946 ne. Tsofaffin motocinmu kuma da yawa an sauya musu inji, don haka ka tabbatar abin da ke cikin bonet shi ne abin da farantin ya faɗa.

Ko ka samu lambar, geji ne alƙali. A tsayar da mota a wuri mai baje, a zuba ƙasa da awon da kamar rabin lita, a tayar da inji na minti biyu don filta ta cika, a kashe, a jira kamar minti biyar. Sai a zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya zo kusa da F, kada ya haura.

Sai filta, inda na fi jin takaici. Mutum zai sayi mai na dubban nairori masu yawa, amma a kan filta sai ya ce a kawo mai araha, "ai duk gwangwani ne." Na taɓa yin wannan wautar. Bayan wani juye, kullum da safe sai fitilar mai ta daɗe kafin ta mutu, injin yana ƙara kamar ana kaɗa cokula. Da muka cire filtar muka yanka ta, takardar ciki 'yar kaɗan ce, robar da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota kuma ta ƙandare. Kullum injin a bushe yake tashi. Kwalin kuwa, wallahi, ya fi na asali sheƙi.

Zaren filta ya shiga ba yana nufin ita ce ba. A cikinta akwai wannan robar, akwai kuma bawul da ke buɗewa idan takarda ta toshe don kada inji ya rasa mai, kuma kowane inji da nasa saitin. Ta 1HZ ma daban take: lambarta a wajen Toyota 90915-30002, babba ce mai matata biyu a ciki, ɗaya tana tace man da ke wucewa gaba ɗaya, ɗayar tana tsince ƙananan baƙin da gas yake haifarwa. Wanda ya ɗaura maka ƙaramar filta don ta hau ya rage maka wannan aikin. Ba na cewa dole sai mai tambarin Toyota, don ita ce ma aka fi yi wa jabu. Ka saya inda ka yarda da su, ka gwada lamba da lamba, ka ɗaga ka ji nauyi.

Na san wani zai ce bakanikensa ya shekara 20 a kan waɗannan motocin. Gaskiya ne, kuma kunnensa ya fi PDF sanin ciwon inji. Amma motoci nawa suke wucewa ta hannunsa a rana, galan iri nawa? Kai mota ɗaya gare ka. Ba raini ba ne ka ce masa, "Oga, tawa lita kaza take sha." Na kirki ma daɗi zai ji.

Ga mai gas ɗin, 15W-40 na injin gas shi aka fi amfani da shi a zafinmu, kuma da ƙurar hunturu da hanyar daji ni ba na wuce kilomita 5,000. Wajen ɗaura filta a shafa mai a robar bakinta, a duba tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, a ɗaure da hannu ba da sifana ba. Kafin ka bar garejin, ɗauki hoton kilomita da na filtar da aka sa, ka tura wa kanka a WhatsApp, kwanan watan zai zauna a kai.