FILIN MASU MOTA: Inda baƙin mai ya ɗiga ba nan ya ɓullo ba

A wannan wata wani ƙanenmu ne daga Zongon Agoè ya tare ni bayan sallar Juma'a, ransa a ɓace. Yana da tsohuwar Peugeot 205 GTI, irin ƙananan motocin gudun nan da Faransa ta ƙera daga 1984 zuwa 1994, wadda ta shigo ta tashar jirgin ruwan Lome tun yana yaro. Kowace safiya sai ya tarar da tabon baƙin mai a ƙarƙashinta, daidai mahaɗar inji da akwatin giya. Wani makanike ya leƙa sau ɗaya, ya ce robar bayan inji ce ta mutu, sai an sauke giya da kuloci. Kuɗin da ya yanka masa ya kusa cinikin wata guda.

Na ce masa, ƙanena, kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya tukuna.

Dalili kuwa shi ne mai ba ya faɗuwa daga inda ya fito. Gangara yake bi, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, ƙurar hunturu ta like a kansa har injin duka ya zama baƙi ƙirin. Injin wannan mota kuma a kishingiɗe yake, ya karkata baya, saboda haka abin da ya tsiyaye daga sama sai ya bi bayan inji inda ido ba ya gani, ya taru a ƙasa. Wanda ya duba ta ƙasa kawai, ƙarshen hanyar man ya gani.

Abin yi na farko shi ne kwali. A shimfiɗa shi a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Da safe a shafa a sansana. Man inji baƙi ne, na giya kuwa ya fi kauri, yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyaran inji alhali giya ce ke yoyo.

Sai wanki. A wanke injin tas da kananzir da buroshi, yana sanyi, a rufe delko da leda don kada ruwa ya shiga. In ya bushe a barbaɗa hoda, irin ta jarirai ma ta isa, a kan duk mahaɗar da ake zargi. A tayar da inji ya yi minti 15, a kashe, a ɗauki tocila a fara dubawa daga sama. Wurin da hodar ta fara jiƙewa, mafi tsawo duka, nan ne ɓarawon yake.

A wannan inji wurare sanannu ne: robar murfin sama, matatar mai in ba a ɗaure ta daidai ba, kwanon mai na ƙasa, da ɗan zoben robar da ke gindin delko. Delkon nan yana ƙarshen inji ta sama, daidai kan akwatin giya. Kun ga ke nan in zobensa ya bushe, man zai sauka inda makaniken ya nuna. A duba kuma bututun numfashin inji, domin in ya toshe, iskar ciki takan tura mai ta kowace kafa, ko an sa sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Wuri ɗaya ne ba na yarda a yi masa jinkiri, wato gefen bel ɗin taimin. In an buɗe murfinsa aka ga mai, a ajiye motar. Mai yana cin robar bel, kuma ranar da ya tsinke fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su. Gara a hau zemijan na sati ɗaya.

Ƙanen namu ya yi yadda na ce a ranar Asabar. Hodar ta jiƙe a gindin delko, robar bayan inji kuwa lafiyarta lau. Ya sayi zoben da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, aka sa masa kafin la'asar. Kwalin yana nan ƙarƙashin motar, na ce ya bar shi har sati biyu mu gani.

Mai tambaya ya aiko ta ofishin jarida. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.